Sallama Uku a Ƙofar Zailani

Edmonton, London
3 ga Maris, 2024

Gwaggo Murja,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidan Gwale. Ni ne Fa'iz, ɗan marigayi Zailani. Ba lallai ki tuna fuskata ba, don rabona da Kano ina ɗan shekara takwas, kuma ko a lokacin sau biyu na taɓa ganinki. Umma ce ta ba ni email ɗinki, ta kuma ja min kunne kada in kuskura in tura miki voice note, wai ke tsohuwar sakatariya ce, abin da ba a rubuta ba ba kya ɗaukarsa magana. To ga rubutu. In kin ga kuskure ki yi haƙuri, ba wanda ya koya min rubutun Hausa, a littattafan da Baba ya bari na tsinta. Mu nan lafiya lau. Umma ƙafa ce ke damunta in sanyi ya matsa. Ni kuma ina aikin tura gadajen marasa lafiya a wani asibiti.

Ga abin da ya kawo ni. Akwai tsohon abokin Baba, Malam Issahaku, mutumin Kumasi, yana gadin wani gini a bayan kasuwar Whitechapel. A ginin akwai wata ƙaramar cibiya da aikinta shi ne tono tsofaffin shafukan intanet tana farfaɗo da su. Wata Juma'a cikin Janairu, mun sauko daga masallaci, ya damƙe hannuna ya ce, "Fa'iz, zo ka gani. Ƙofan babanka yana cikin computer na wannan mata." Na ɗauka tsufa ne. Ashe gaskiya ce.

A 1997, lokacin intanet yana rarrafe, wasu masu fasaha su goma sha ɗaya suka yi baje kolin aikinsu, ba a ɗaki ba, ba a bango ba, a intanet kaɗai. Kuma ba zane ba ne, ba sassaƙa ba, tunani ne abin nunawar. Ɗayansu shafinsa fari fat, sai layi guda da ya ce ka rufe ido ka tuna ɗakin da aka haife ka, shi ke nan ka ga aikin. Kada ki yi dariya, Gwaggo. Ni ma na yi, sai da na share sati shida a library ina karanta abin da aka rubuta a kan irin wannan fasaha. Yanzu in ba su yi hankali ba ni zan koya musu.

Baba ne ya gina musu shafukan duka, don a lokacin shi ke kula da ɗakin kwamfuta na wata kwaleji. Amma shafukan goma sha biyu ne. Na ƙarshen nasa ne. Ƙofar zaure ce, ya zana ta da biro da hannunsa, ga tabarma a gefe, ga takalmi ƙafa biyu. A ƙasa an rubuta da Hausa da Turanci: "Yi sallama." Akwai gurbin da za ka sa sunanka da email ɗinka da gaisuwarka. In ka danna, sai shafin ya ce, "Dakata." Ba ya ƙara komai. In ka yi sau uku, sai ya ce, "Koma gida, ka dawo wani lokaci."

Gwaggo, Hausa a intanet a 1997! Na tsaya a gaban allon nan ina ta maimaita karantawa. Mutumin da na sani yana tuƙa taksin da ake kira minicab har ya koma ga Allah, ashe ga abin da ya yi, bai taɓa faɗa min ba.

To matar da ke shirya abin, Harriet, ta ce za su sake buɗe baje kolin ranar 18 ga Mayu, amma da shafi goma sha ɗaya. Na ce ina na sha biyun? Ta dube ni da wannan murmushin nasu da ke sa mutum ya ji kamar ya fasa taga, ta ce, "It's lovely, but it's a test page." Wai yana da kyau, amma shafin gwaji ne na ma'aikaci, ƙofar ba ta kai ka ko'ina, link ɗin a mace yake. Ko sunansa babu, harafin Z kawai suka sa a jerin godiya, ƙarƙashin wanda ya ba su aron scanner. Na ce mata malama, wanda ya rufe ido ya yi fasaha, wanda ya zana ƙofa da hannunsa kuma ya yi gwaji? Na ce duk ƙofa akwai gida a bayanta, ɗakunan ɓata suka yi, kuma ni zan kawo su. Ta ce in na kawo, za su duba.

Umma ta ce bayan rasuwarsa an tura akwatinsa Kano, ba wanda ya so takardun ciki, ke kika ɗauka. Don Allah ki buɗe ki duba min floppy, wasu baƙaƙen faya-fayai masu kusurwa huɗu, ba su fi tafin hannu ba. Ɗakunan suna ciki, na tabbata.

Ɗanki,
Fa'iz

Gwale, Kano
9 ga Maris, 2024

Ɗana Fa'iz,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na tuna ka sarai, kai ne yaron da ya ciji ɗan Hajiya Zubaida a bikin Affan don ya ce maka mai ƙaton kai. Da alama ba ka sauya ba. Ya jikin Ummanka? Ka ce mata ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Ya aiki, ya sanyi, ya haƙurin rashin mahaifi? Allah Ya jiƙan Yaya Zailani. Rubutunka ba laifi, sai dai gaisuwarka gajera ce kamar ta mai tsoron mota ta tashi ta bar shi.

Mu nan alhamdulillahi, sai zafi da rashin wuta.

Ba sai ka kwatanta min floppy ba. Shekara talatin da ɗaya ina ofis, na buga takarda a keken rubutu, na buga a kwamfuta, na san shi tun ba a haife ka ba. Ƙofar ma na san ta.

Akwatin yana nan a saman kabad. Shekara goma sha biyu ban buɗe shi ba, makullin ma ban san inda ya shiga ba. Zan kira kafinta. Ga azumi ya zo, sai ka yi min haƙuri.

Gwaggonka,
Murja Habu

Edmonton
2 ga Afrilu, 2024

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya zafi, ya mutanen gida, ya gajiya, ya kafinta? Kin ga na tsawaita gaisuwar. Muna lafiya. Umma ta gode da maganar ruwan ɗumi.

Sati uku da kwana uku ke nan, Gwaggo. Kafintan daga Legas zai taho a ƙafa? Ni na san azumi ake, ni ma ina yi, ina tura gado daga hawa na ɗaya zuwa na tara da ƙishi a maƙogwaro, amma buɗe akwati ba ya karya azumi.

Jiya na koma wurin Harriet. Sun riga sun fara rubuta sunayen mutum goma sha ɗayan nan a bango, da manyan haruffa. Na tsaya ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Uku daga cikinsu yanzu farfesoshi ne. Ɗaya, Malam Issahaku ya ce ko kunna kwamfuta bai iya ba, Baba ne ke kama masa hannu a kan mouse. Harriet ta tambaye ni, cikin ladabi kamar kullum, ko an ji labari daga Nijeriya. Na ce suna hanya. Har na ce mata ɗakuna bakwai ne. Ban san daga ina na samo bakwai ba, bakina ne ya riga ni. Ta ce ƙarshen watan nan za su rufe jerin.

Kuma kin ce kin san ƙofar. A ina kika san ta? Kin bar ni da wannan layin kin yi shiru.

Fa'iz

Gwale
12 ga Afrilu, 2024

Ɗana Fa'iz,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da shan ruwa, an yi salla lafiya? Allah Ya maimaita mana. Ka gaishe da Ummanka da Malam Issahaku.

An buɗe akwatin tun ranar uku ga azumi. Floppy biyu ne a ciki. Na kai wa wani mai gyaran kwamfuta da ke da tsohuwar na'ura, ya buɗe su a gabana. Ɗaya hoton ƙofar ne, ɗaya takardar neman aiki. Babu ɗakuna, Fa'iz, ko ɗaya, balle bakwai. Sauran kayan takardu ne. Akwai maganar da zan yi maka a kansu, amma ban shirya ba tukuna.

Gwaggonka,
Murja

Edmonton
12 ga Afrilu, 2024

Gwaggo,

Salamu alaikum. Mun yi salla lafiya.

Tun uku ga azumi! Wata guda kina zaune a kan amsa ni ina nan ina zubar da mutuncina a gaban Baturiya. Kuma yanzu ki ce babu. Mutum ya zana ƙofa, ya ce a yi sallama, ya ce a dakata, sannan a ce bai gina komai a ciki ba? Baba ba mahaukaci ba ne. Akwatin nan ya bi ta hannu nawa kafin ya iso gare ki? Wa ya sani ko yara sun yi wasan mota da faya-fayan, ko an jefa su a kwata don ba a ga abin sawa ko na ci ba.

Bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na san yadda gidan Gwale ya ɗauki mahaifina. A cikin wani ƙamus nasa na tsinci takardar da dattawan gidan suka aiko masa a 1998, an buga ta tsaf da keken rubutu kamar sammacin kotu. Wai an tura shi karatun injiniya ya ɓige da zanen ƙofa kamar ɗan firamare, ya zubar da sunan gida, ko ya dawo ko ya daina rubuto musu. Na haddace ta. Ina da shekara goma sha shida na karanta ta, sati biyu bayan mun binne shi, kuma da ita na fara koyon karatun Hausa, harafi harafi, don in san me aka ce wa ubana. Ba su san abin da ya yi ba, ba su tambaya ba, suka yanke. Harriet aƙalla ta ce lovely.

Ban ce ke kika yar ba. Amma kina cikin gidan. In babu, ki ce min an yar, zan fi ganewa. Kada a sake binne shi da "babu".

Fa'iz

Gwale
20 ga Afrilu, 2024

Ɗana Fa'iz,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, zuciyar kuma ta sauka. Ya Ummanka, ya aiki? Na bar takardarka ta kwana takwas kafin in amsa, don kada in amsa da irin muryarta.

Zan fara da tambaya. Da kake yaro, in baƙo namiji ya zo gidan Gwale ya yi sallama a zaure, ina yake zuwa daga nan? Ka tuna da kyau. Ba ya zuwa ko'ina. Tsayawa yake. Maigida ne ke fitowa ya same shi, a shimfiɗa tabarma, a gaisa, a yi abin da ya kawo shi, in zai tafi a taka masa. Baƙo ba ya ganin tsakar gida. In ya yi sallama uku ba a amsa ba, ya juya. Kai ka tashi a flat, an ce maka ƙofa abin wucewa ce, ka yarda. Baturiyar ta ce ƙofar ba ta kai mutum ko'ina, kai kuma maimakon ka ce mata haka ne, ka tafi nemo mata ɗakuna bakwai. Ita ba ta sani ba, ba laifinta. Kai ne ɗan gidan.

Ga abin da ke cikin akwatin. Takardu ne ɗauri ɗauri, an ɗaure da zaren buhu. Duk wanda ya yi sallama a shafin nan, saƙon yana zuwa wa mahaifinka, sai ya buga shi a takarda, ya amsa da kansa, ya buga amsar ya haɗa. Mutum ɗari huɗu da wani abu, daga 1997 zuwa 2000. Kowace amsa da abu ɗaya take farawa: "Ga ni na fito." Sannan ya gaishe su da Turanci amma gaisuwar gida. Ya gajiya, ya sanyi, ya mutanen gidanka, ya aiki. Wani mutumin Finland da aka tambaye shi mutanen gidansa, sai ya rubuto shafi uku a kan ciwon mahaifiyarsa, ya ce shekara biyu ba wanda ya tambaye shi. Sun yi wata goma sha huɗu suna rubutu. Wani kuma daga Amurka ya rubuto cikin fushi cewa link ɗin ya lalace. Mahaifinka ya ce masa, "Ƙofa lafiyarta ƙalau, ni ne na je salla." In hira ta ƙare kuma sai ya ce, "Bari in taka maka," ya ba mutum adireshin wani shafi da ya ga zai so. Na Finland mai son kamun kifi ne, sai ya raka shi shafin wasu masunta.

Ni ban san fasaha ba. Amma na san wannan ba gwaji ba ne.

Yanzu abin da ya hana ni rubutu. Ɗauko takardar dattawan nan ka duba ƙasanta ta hagu. Za ka ga ƙananan haruffa biyu, mh. Haka aka koya mana a makarantar sakatarori, wanda ya buga takarda ya sa alamarsa. Ni na buga ta. Mahaifina da Baffa suka faɗa, ni na zauna na buga, har na gyara musu jimla biyu don ta fi kaifi. Ina da shekara ashirin da tara, ina jin daɗi an ce ni ce mai ilimin gidan. Daga ita bai sake rubuto wa gidan ba.

Bayan shekara guda aka sa intanet a ofishinmu. Adireshin shafin yana jikin hoton ƙofar da ya aiko mana da murnarsa, hoton da ya jawo masa takardar. Na shiga, na ga zauren gidanmu, har tsagar da ke jikin dogarin ƙofar bai manta ba. Na yi sallama. Aka ce dakata. Ni da a gida ban taɓa tsayawa a zaure ba, na tsaya kamar baƙo. Bayan sati na sake. Bayan sati na yi ta uku, aka ce koma gida. Na koma.

Shekara ashirin da biyar ina gaya wa kaina saƙon bai isa ba, intanet ɗin lokacin ba abin dogaro ba ne. Ranar uku ga azumi na sami saƙonnin nawa a ƙasan akwatin, su uku, ya buga su kamar na kowa. A ƙarƙashin na ukun ya rubuta da biro, "Wa alaikumus salam, Murja," ya sa waƙafi. Daga nan babu komai. Ban san ko fushi ne ya tsayar da hannunsa ba, ko aiki aka kira shi, ko ya rasa abin faɗa. Ba zan sani ba.

Hajiya Fausia maƙwabciyarmu za ta je Catford, a nan London ɗinku, ganin 'yarta ranar 27. Na ba ta takardun duka. Nawa ukun suna cikin ambulan daban. Ba na nunawa ba ne. Na ga dai bai kamata in cire abu daga kayan maraya ba.

Gwaggonka,
Murja Habu

Edmonton
5 ga Mayu, 2024

Gwaggo Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gida, ya zafi, ya jikin? Ina fata an kawo wuta. Mu lafiya lau.

Ki yafe min. Ba na iya dogon ban haƙuri, bakina bai saba ba, amma na karanta takardata ta 12 ga Afrilu na ji kunya har kunnena. Umma da na karanta mata taki ta ce, "Ai na gaya maka kada ka ja da Murja." Na duba haruffan nan biyu. Suna nan. Shekara goma sha biyu ina kallonsu na ɗauka dattin keken rubutu ne. Na yi fushi da ke na yini ɗaya da rabi, ba zan ɓoye ba. Sannan na tuna ni ma na tsaya gaban Baturiya na ƙara wa ubana ɗakuna bakwai don aikinsa bai ishe ni ba yadda yake. To wa zai yi wa wani faɗa?

Na karɓo kayan a Catford. Hajiya Fausia sai da ta tsare ni na ci tuwo kafin ta miƙo jakar. Daga can ban je gida ba, na wuce Whitechapel. Malam Issahaku ya ga zaren buhun kawai ya fara hawaye, ya ce, "Kai! Shi ne wannan! Kullum yana buga takarda, ni ina ce masa Zailani ka gama paper na mutane."

Na dire ɗaurin a teburin Harriet na ce, "Na yi miki ƙarya, babu ɗakuna. Ke ma kin yi kuskure, link ɗin ba matacce ba ne. Mutum ne a bayansa, mutumin ne ya mutu." Na yi mata bayanin zaure, da sallama uku, da rakiya. Ta fara karanta na mutumin Finland a tsaye, ta zauna, ta cire gilashi, ta manta da ni kusan awa guda. Da ta ɗago ta ce ko cikin sha ɗayan nan babu wanda ya yi abin da ya kai wannan. Na ce na sani. Gaskiya sati biyu da suka wuce ban sani ba, amma ba ita zan gaya wa ba.

Sai ga sabuwar rigima. Wani abokin aikinta mai gemu ya ce abu ne mai sauƙi, za su ba na'ura takardun Baba ta koyi salonsa, duk wanda ya yi sallama ta amsa masa nan take. Gwaggo, na ji jinina ya hau. Na ce masa malam, in na'ura ta tambaye ka ya gajiya, ta san gajiya? Ta taɓa tura gado hawa tara? Kuma nan take ɗin nan ita ce ta kashe aikin. Jiran shi ne rabin abin. Ya ce to wa zai zauna yana amsa wa mutane har wata uku? Na ce ni. Bakina ya sake riga ni, amma wannan karon na bi shi a baya da gudu.

Sun yarda. An kankare bangon an sake rubutu. Suna goma sha biyu. Zailani Sule Gwale, da cikakken sunansa, kuma sai da na tsaya a kan mai rubutun don ya so ya sa "Zailany". Sunan aikin: Zaure, 1997. Na ɗauki hoto na haɗa miki. Ki kai wa duk wanda ya rage cikin dattawan ya gani, ba sai kin ce komai ba.

Ambulan ɗinki ban nuna wa kowa ba.

Ɗanki,
Fa'iz

Edmonton
19 ga Mayu, 2024

An buɗe jiya, Gwaggo. Sun sa tsohuwar kwamfuta mai ƙaton baya a kan tebur, shafin kuma yana intanet kowa na iya shiga daga ko'ina. Umma ta sa leshinta na salla, ta tsaya gaban bangon tana karanta sunan da yatsa. Farfesan da Baba ke kama wa hannu ya zo, ya ce ya tuna "Zed" sosai. Na ce sunansa Zailani, ga shi can a rubuce, layi na ƙarshe, in gilashinka zai kai. Kafin a tashi mutum sittin da uku sun yi sallama. Harriet ce ta farko. Ta danna, aka ce mata dakata, ta juyo ta dube ni ina tsaye kusa da ita da waya a hannu. Na ce mata ki dakata ɗin, akwai wadda ta riga ki.

Kin ga ban fara da gaisuwa ba. Da gangan ne. Ba ni ke da sallama yau ba, ke kika yi, tun Maris na 1999. Ga takardunki uku a gabana, a kan teburin kicin. Ban san abin da Baba ya so ya rubuta bayan waƙafin nan ba, kuma ba zan ƙirƙira masa ba, na gama ƙirƙira masa abu. Amma ƙofar yanzu a hannuna take, kuma ba zan amsa wa mutum sittin da uku ba alhali akwai wadda ke tsaye tun kafin in iya ɗaura takalmi.

Wa alaikumus salam, Murja Habu. Ga ni na fito.

Sannu da zuwa. Sannu da tsayuwa. Ya hanya, ya gajiya, ya zafin Kano? Ya mutanen gida, manya da yara? Ya haƙurin waɗanda aka rasa? Ya idon, bayan shekara talatin da ɗaya a kan keken rubutu? Kin zo lafiya? To madalla.

Saura rakiya. Na yi ta tunanin shafin da zan raka ki, a bas 149 tun daga Edmonton har Liverpool Street, ban samu ba. Sai da na sauka na gane dalili. Baƙo ake takawa. Ke ba baƙuwa ba ce, tun farko bai kamata ki tsaya a zaure ba. Cikin gidan ba wani abin kallo ba ne, flat ne na gidajen hukuma a hawa na shida, lift ɗin yana aiki ran da ya ga dama, amma Umma ta riga ta fara kwashe kaya daga ƙaramin ɗaki, kuma baje kolin yana nan har ƙarshen Agusta. Hajiya Fausia ta ce ta san yadda ake cike takardun biza.

Shigo, Gwaggo.

Fa'iz Zailani